Inna ta ɗaure kayanta, Baba ya ce ba inda za ta

Jikar Inna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu tsofaffi a gida ku matso, shawara nake nema. Kwana huɗu ke nan gidanmu ba daɗi.

Kakata ce ta wajen uba, Inna muke ce mata. Tana tare da mu a Mabera shekara tara ke nan, tun bayan rasuwar kakanmu. Ba wanda ya rubuta shekarunta, amma takan ce lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira tana goye da babana, kuma shi ne na uku a wurinta. To ku ɗauko daga 1973 ku lissafa da kanku.

Makon jiya mijin ƙanwarta ya rasu a wani ƙauye can bayan Gada, dab da iyakar Nijar. Su takwas uwarsu ta haifa, yau su biyu suka rage. Tun daren da labari ya zo Inna ta ɗaure kayanta a zane, sabulu da goro da sukari da ganyen shayi da kwalbar man zafi, ta ajiye bayan ƙofa. Baba ya ce ba za ta ba. Hanya ba tabbas, tana shan maganin hawan jini, ga zafin nan da ya shigo, kuma an riga an yi gaisuwa ta waya, an tura kuɗin sadaka ta wurin mai POS. Inna ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai: "Da ƙahwata nit tai bukinta, da ƙahwata za ni kukanta." Daga ranar ta daina cin tuwon dare da mu, kullum sai ta ce ta ƙoshi.

Ɗaki ɗaya muke kwana, ina jin juyinta har asuba. Ni wa zan goya wa baya?

Basakkwace a Legas:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamaci. Ni ban ga abin muhawara ba, babanki ya yi daidai. Ku haɗa su a bidiyo ta WhatsApp su ga juna, a ƙara tura wani abu. Zamani ya sauƙaƙa mana.

Mai Albasa:
Bidiyo a ina, ɗan Legas? Ni mutumin yankin ne. Akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu ko ka tsaya gindin wata bishiya guda da kowa ya sani kafin sabis ya shigo, shi ma na kira. Wani wurin ma layin Nijar ya fi kamawa. Caji kuwa sai ranar da mai sola ya buɗe shago.

Basakkwace a Legas:
To a ɗauko ƙanwar a kawo ta birni ta yi mako biyu, ta huta ma.

Malamin Zaure:
Wadda mijinta ya rasu makon jiya, Malam? Takaba take yi, wata huɗu da kwana goma, a ɗakinta. Ba za ta taso zuwa Sakkwato don hutu ba. Tsohuwar ta san wannan, shi ya sa ta ɗaure kaya ita.

Bagobiri:
'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau don ni ba labari aka ba ni ba. Mu mutanen ƙasar Sabon Birni ne. Garinmu yau in ka je ba ka samun ko kaza. Rabin danginmu suna nan Sakkwato a kangwaye da gidajen haya, rabi sun tsallaka jihar Maraɗi. Wata gwaggona hanyar ta'aziyya aka tare motarsu, irin wannan dai da kakarki ke son zuwa. Abin da muka sayar kafin ta dawo ba zan rubuta a nan ba. Ta dawo, amma har ta rasu in ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado, mace mai jikoki.

Fushin tsohuwa na mako biyu ne. Ki bar ta ta yi fushinta tana numfashi kusa da ke. Babanki ba mugu ba ne, shi za a kira in wani abu ya faru, ba 'yan zauren nan ba.

Jikar Inna:
Innalillahi. Allah ya jiƙan gwaggonka, Yaya, ya mayar da ku gida lafiya. Wallahi abin da Baba ke tsoro ke nan. Kuma ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye ba.

Tsohon Direba:
Ɗiyata, shekara ashirin da ɗoriya na yi ina jigila tsakanin Sakkwato da Illela kafin ido ya ce in sauka. Maganar Bagobiri gaskiya ce, ba mai musu. Amma hanya ba ɗaya ba ce, kuma rana ba ɗaya ba ce. Hanyar Isa da ta ratsa dajin Gundumi daban, hanyar Kware da Gwadabawa daban. Ban ce miki wagga lafiya lau take ba, yankin Gada ma an sha taɓa shi. Abin da nika cewa, kada wanda ke zaune a falo ya yanke hukunci, mai hanawa ko mai bari. A je tasha da safe a tambayi direbobin da sunka kwana can. Su ne jaridar hanya. In sun ce yau a dakata, a dakata ko da an biya kuɗin mota.

In za a tafi: ba sammakon duhu, ba tafiyar yamma. A fita rana ta fito, a isa kafin azahar. Kada a bi ayarin masu dawowa daga kasuwa, don su ake dako, an san da kuɗi a jikinsu. Motar haya ta fi motar gida mai sheƙi. Kuma kada a yi ta shela a waya cewa Hajiya daga birni na nan tafe ranar kaza. Mutum ɗaya amintacce a can ya sani ya isa.

Bagobiri:
Baba, da girmanka, duk waɗannan dabarun mun yi su. Wanda aka tare ma da rana tsaka aka tare shi.

Tsohon Direba:
Na sani, ɗana. Ban ce dabara tana hana ƙaddara ba. Amma mutanen can kullum suna bin hanyar, suna kawo albasar da muke ci. Ba mu ce su daina ba.

Uwar Biyu:
Bari in shigo, don ni na zauna ƙauye da aure shekara shida kafin Allah ya kawo rabuwa, kuma ba irin ƙauyen da ke bakin kwalta ba. Zan fara da masu cewa rayuwar ƙauye daɗi, iska mai kyau, hura da nono. Ku je ku yi wata guda a bazara. Rijiyarmu gaba ashirin da wani abu ce, in kin ja guga uku tafin hannunki ya yi ja kamar an zuba barkono. Ki dawo ki surfa gero, ki daka, ki tankaɗe, ki nemo kara ko kashin shanu na wuta. Naƙudata ta fari a kan amalanke aka ɗauke ni cikin dare, shanu na tafiya yadda suka ga dama, ni ina cizon zane. Don haka ni ba kewar ƙauye ke sa ni magana ba.

Amma ku masu cewa waya ta isa, tambaya ɗaya: wayar wa? Tsohuwa a ƙauye ba ta da waya. Ta ɗanta ce, ko ta ɗan kishiya, ko ta maƙwabci. Shi zai danna, shi zai sa a lasifika, shi zai tsaya a kanta yana jira a gama don katinsa na ƙonewa. Me za ta ce? "Lafiya lau, alhamdulillahi, a gaida yara." Ko da kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba abin da za ta ce ke nan. Ni shekara shida duk wanda ya kira ni daga gida lafiya lau nake ce masa, alhali ba lafiya ba.

Ranar da asirina ya tonu, kakata ce ta zo, Allah ya jiƙanta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaga murfin tukunya, ta leƙa randa, ta dubi wuyana, ta dubi igiyar da nake rataye zannuwa. Da dare ta ce, "Kishiya, tun yaushe?" Sai na fashe da kuka. Tsofaffin nan da kuke gani suna yawon dangi da ƙullin goro, ba yawon banza suke ba. Su ne masu duba aurarrakin da aka kai nesa. Ƙanwar kakarki yanzu ta rasa mai tsaya mata. Akwai gona, akwai rumbu, akwai 'yan awaki, akwai 'ya'yan miji. Inna ta san abin da take son ta je ta gani da idonta.

Jikar Inna:
Anti, kin sa jikina ya yi sanyi. Da aka kira ranar uku, wayar babban ɗan mamacin ce, kuma ba ita ta haife shi ba. Minti biyu ba su cika ba aka ce sabis ya ɗauke.

Ɗalibin Tarihi:
Abin da Uwar Biyu ta faɗa tsohon abu ne a ƙasar nan. Ku tuna 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Jajis ɗinta dattawan mata ne, ana naɗa musu malfa, su jagoranci mata daga ƙauyuka a ƙafa zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙa su koma su koyar, su yi sulhu, su kula da marasa lafiya. Wato tun ƙarni na 19 tafiyar tsohuwa tsakanin birni da ƙauye aiki ce, ba shaƙatawa ba. Kuma mu mutanen Sakkwato ƙafa muka gada. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa nan ba, a Ƙauran Namoda layin ya tsaya a 1929. Kakanninmu 'yan cin rani da ƙafa suke kai kansu can ko Gusau kafin su ga dogo, wasu har Gwanja suka taka.

Bagobiri:
Malam mai tarihi, zamanin jaji ba a ɗaukar tsohuwa a kira 'ya'yanta a ce su kawo miliyoyi da babur sabo. Tarihi ba ya biyan kuɗin fansa.

Ɗalibin Tarihi:
Ban ce a tafi ba, Yaya. Cewa na yi a fahimci abin da ake hana ta.

Mai Kula da Zaure:
A yi a hankali don Allah. Kowa da ciwon da ke cinsa.

Jikar Inna:
Maganar ƙafa ta tuna mini. Sau ɗaya na taɓa bin Inna garin, ina 'yar shekara tara, da kaka bayan an yanke gero. Mota ta sauke mu inda kwalta ta ƙare, aka zo da jaki aka ɗora kaya da ni, ita ta ƙi hawa. Tafiyar da yaro zai yi cikin awa ɗaya mun yi ta daga hantsi har la'asar, don Inna ba ta wuce gida. Kowace rugga, kowane zaure, sai ta yi sallama. "Wagga ɗiyar wane ta, jikar wance." Sai a kama hannuna a juya ni, a ce ga goshin kakanta nan. A wani gida aka ba ni ƙwan zabi biyar a ƙoƙo, a wani aduwa, a wani aka dama mana hura da nonon da ko awa ba a yi da kaɗe shi ba, man na yawo a kai. Na ƙoshi har na fara kuka, Inna ta ce a kunnena, ko kurɓa ɗaya ki yi, ba a mayar da ƙwarya yadda ta zo.

Abin da ya fi ba ni mamaki, washegari muka bi ta cikin gonaki zuwa gidan wani ƙanen kakanmu, aka ba ni kuɗi na ga ba irin namu ba. Ashe mun shiga Nijar ban sani ba. Ba shinge, ba soja, sai karan dawa. Ko lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da wanda aka sake yi a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, in ana maganar a rediyo Inna dariya take yi, ta ce iyaka ta masu mota ce.

Yau in ka ce in zana maka gidajen nan ko in faɗi sunan mutum biyar a cikinsu, ba zan iya ba. Baba ma rabonsa da garin shekara goma sha tara.

Basakkwace a Legas:
Kai. Wannan ta taɓa ni, bari in faɗi abin kunyata. Sallar layya ta bara waccan na je Alaba Rago sayen rago. Muka yi ciniki da wani yaro har ya kai ga baƙar magana, na ce masa ɓarawo, ya ce mini ɗan birni marowaci. Wani dattijo a gefe ya ji harshenmu ya tambayi garinmu, ya tambayi sunan mahaifiyata. Sai ya riƙe baki. Yaron nan ɗan kawuna ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyata. Taubashina na zaga a bainar jama'a. Da kakarmu na raye da ba a yi haka ba, ita ce ke ɗaukar mu hutu ta zaga da mu. Duk da haka ina nan kan bakana, tsaro ya fi.

Mai Albasa:
Ya rage maka kuɗin ragon dai?

Basakkwace a Legas:
Ko sisi. Ya ce taubashi ai ƙari ake yi masa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kowa na maganar 'yan bindiga, ni abin da ya fi tsaya mini a rai babur ne da rana. Mace mai shekarun nan a bayan kabu-kabu cikin yashi, faɗuwa ɗaya ƙashin ƙugu ya tafi, kuma tsoho in ya karye a nan da wuya ya sake miƙewa. In har za a je, a nemi motar da za ta kai ta ƙofar gida ko a yi shatar ta, in ba hali amalanke ya fi babur. A auna jininta kwana ɗaya kafin tafiya, in ya hau sosai a fasa. A ɗauki magani fiye da na kwanakin da aka yi niyya, don na san halin tsofaffi, kwana uku kan zama goma. Zafin watan Afrilu a nan yana haura digiri 40, su kuma ba sa son shan ruwa a hanya don kada fitsari ya matsa musu, to a matsa mata ta sha. Gidan sauro, da 'yan ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Kuma lokacin sanƙarau ne, kada ta kwana a ɗakin da aka cushe ba taga.

Abu na ƙarshe, rashin cin abincin nan da rashin barci shi ma ciwo ne. Mai hawan jini da ke kwana tana juyi ba a ce tana cikin aminci ba don kawai tana Mabera.

Malamin Zaure:
Tunda an taɓo addini a gefe, bari in ƙara kaɗan. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ke son a yalwata masa arziki a kuma jinkirta masa ajali, ya sada zumuncinsa. Haka kuma Alƙur'ani a Baƙara ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Duka biyun suna nan, ba wanda ya goge wani. In an tabbatar hanya halaka ce, a zauna. In tsoro ne na gaba ɗaya wanda kowa ke ciki, mutane na kai da kawowa, to hukuncin ya sauka. Amma jan hankalina ga mahaifinki ne, Allah ya ƙara masa girma: uwa ba a hana ta kamar yadda ake hana yaro. Lallashi ake yi, a kawo hujja, in ta ƙi a nemi hanyar da za a raka ta. Kalmar "ba za ki ba" tana da nauyi a bakin ɗa.

Uwar Biyu:
Malam ya gama magana. Ni dai in an tafi a shiga ɗakin a zauna, a bar su su biyu. Kada a tsaya a zaure a yi addu'a a juyo.

Bagobiri:
Na ga zaure ya karkata. Shi ke nan. A 2021 da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, mu muka san abin da ake nufi da rashin jin ɗuriyar naka, don haka ba sai an koya mini darajar ganin ido ba. Amma in kun tafi, ki rubuto mana kin dawo. Zan fi kowa murna in na zama mai ƙarya.

Jikar Inna:
Salam 'yan zaure. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana shida. Mun je, kuma ni da Baba mun dawo jiya.

Yadda aka yi: na karanta wa Baba wasu daga cikin maganganunku, har da ta Yaya Bagobiri, ban ɓoye ba. Bai ce komai ba. Da dare ya shiga gaida Inna, sai ta ce masa cikin sanyin murya, "Na haƙura. Amma ran da nim mutu kada ka wahal da kowa, ka buga musu waya su yi min salla ta can." Baba ya fito bai ko rufe ƙofa ba. Da asuba na ji yana waya da wani abokinsa a tasha.

Mun bi shawarar Baba Direba. Ranar farko aka ce a dakata, muka dakata, Inna na zaune da mayafinta har azahar. Washegari muka fita. Daga Gada Baba ya yi shatar wata tsohuwar mota da ta san yashin, sau biyu muna fita muna turawa, Inna na ciki tana ba direba labarin wanda ya haƙa rijiyar da muka wuce. Bishiyoyin da na sani da yawa babu su. Ruggar da aka ba ni ƙwan zabi babu kowa, sai da'irar inda bukkoki suka tsaya.

Na zaci za a yi kururuwa in sun haɗu. Ko kaɗan. Ƙanwar tana zaune kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta rame har na kasa gane ta. Inna ta tuɓe takalmi, ta zauna dab da ita, ta jawo ƙafarta ta ɗora a cinya, tana shafa faso da babban yatsa. Sun fi minti goma ba wadda ta ce uffan. Sannan Inna ta ce, "Wa ka ɗebo miki ruwa?" Shiru. Ta sake tambaya. Sai hawaye.

Anti Uwar Biyu, kamar kina wurin. Tun kafin a yi bakwai an sa wa rumbu kwaɗo, makulli na aljihun wani. Ana auno mata gero da gwangwani. Awakinta uku, nata na kanta da ta saya da kuɗin kaɗi da daddawa, an haɗa su cikin kayan gado. Ruwa wata yarinyar maƙwabta ke kawo mata tulu ɗaya in ta samu sarari. Duk wannan muna Mabera ana ce mana lafiya lau.

Inna ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta aika aka kira liman da wani tsoho da suka yi wasan ƙasa tare, ta sa Baba ya zauna a matsayin ɗa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: tsohon ya dubi Baba, da furfurarsa da gilashinsa, ya kira shi da wani sunan yarinta da ko mamata ba ta sani ba, Baba ya durƙusa har ƙasa. Aka fitar da awaki daga gado tunda akwai shaidu. Aka ce rumbu a buɗe, ta ci har ta gama takaba, rabo kuma sai an zauna yadda shari'a ta ce a fitar mata da tumuninta. Baba ya ɗauki nauyin mai kawo ruwa duk wata.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Dare na biyu wajen ƙarfe ɗaya muka ji babura daga nesa. Cikin ƙiftawar ido garin ya mutu, ba tari, ba kukan yaro, har karnuka kamar an gaya musu. Wata mata ta jawo ni bayan rumbu ta danne mini kai. Ashe 'yan sintirin garin gaba ne ke wucewa. Da safe kowa ya fita harkarsa kamar ba a yi ba, aka ce mini haka ake kwana a mafi yawan darare. Ni kuwa har yanzu cikina bai daina rawa ba.

Na ɗauki muryar Inna a waya tana jero dangi gida gida, na Najeriya da na Nijar, kusan minti arba'in. Mun dawo da daddawa, kuka, buhun albasa rabi, da zakara ɗaya da ya yi mana kashi a mota tun daga Gwadabawa.

Bagobiri:
Alhamdulillahi. Wallahi kullum sai na leƙo in ga ko kin rubuto. Na yi murna, amma ban canja ba: kun yi sa'a ne, kuma kada wani ya karanta wannan ya ɗauki tsohuwarsa ya nufi inda bai tambaya ba. Baburan da kika ji, mu namu ba 'yan sintiri ba ne.

Tsaya. Kin ce ke da Baba kun dawo. Ina Inna?

Jikar Inna:
Yaya, abin da ya sa na shigo ke nan. Da muka tashi tahowa ta ce mu gaida gida, ita sai an yi arba'in. Baba ya buɗe baki, ta dube shi, ya rufe.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na faɗa! Maganin kwana nawa kuka bar mata?

Jikar Inna:
Na kwana goma, Anti, yau saura shida. Na sayo na wata guda ɗazu, da gidan sauro na biyu don ta ba ƙanwarta nata. Akwai mai zuwa Gada cikin makon nan?

Mai Albasa:
Jibi in Allah ya kai mu zan koma, motarmu na tashi da hantsi in an sauke kaya. Ki same ni ta akwatin sirri in gaya miki inda za ki kawo. Ki rubuta yadda ake shan maganin da ajami in kin iya, limamin can ya fi karanta shi da boko.